Yadda ake hawan dutse mai tsayi har ƙololuwa a sauko lafiya: jagora ga mutanen Kano

Duk lokacin da damina ta fara ja baya sai tambayoyin nan su dawo, daga ɗalibai, daga samarin kasuwa masu son fita ranar hutu, har da masu shirin Umara da suke burin hawa Jabalun Nur su ga Kogon Hira. Me ake ɗauka? Ƙarfe nawa ake tashi? Nawa za a kashe? Mutumin da hawa bene yake sa shi haki zai iya kuwa? Zai iya, in ya shirya. Yawancin waɗanda suke sarewa a tsakiyar hanya sun makara ne wajen tashi, ko sun fara da gudu. Yawancin waɗanda suke jin ciwo kuma a hanyar saukowa suke ji. A kan waɗannan biyun na gina matakan nan.

1. Zaɓi dutse daidai ƙarfinka

Kada lambar tsayin dutse ta ruɗe ka. Ana cewa Dala mita 534 ne, amma wannan lissafi ne daga saman teku, kuma birnin Kano kansa a kan tudu yake. Abin da ƙafarka za ta hau daga gindin Dala zuwa samansa bai kai mita 100 ba. To, duk dutsen da za ka je, abin tambaya shi ne: daga inda mota ta ajiye ni, mita nawa zan hau, kuma hanyar kilomita nawa ce?

Ka bi su daki-daki. Dala da Goron Dutse su ne makaranta. Daga nan sai irin Kufena a Zariya, ko duwatsun Rano da na garin Dutse, waɗanda ake zuwa a dawo a yini guda. Sai duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, da Shere a gabashin Jos mai mita 1,829. Chappal Waddi na Taraba, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, tafiyar kwanaki ce a cikin gandun Gashaka Gumti da rakiyar ma'aikatan gandun, ba na ɗan koyo ba ne.

Ga hanyar ƙiyasta lokaci da masu hawan dutse suka daɗe suna amfani da ita: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Hanya mai kilomita 4 da hawan mita 600 ta kama kusan awa 2 ke nan. In sabon shiga ne kai, ƙara rabin wannan, ka lissafa awa 3. Saukowa kuma ka ware mata kusan daidai da na hawa.

Gargaɗi: kafin ka nufi Riruwai, wadda hanyarta ta ratsa ta wajen dajin Falgore, ko duk wani dutse da yake cikin daji, ka bincika halin tsaro a makon da za ka tafi, daga bakin mutanen wurin. Labarin wata uku baya ba abin dogaro ba ne.

2. Horar da ƙafa a Dala da Goron Dutse

Ka ba kanka mako 3 zuwa 4, sau uku a mako. Bayan sallar Asuba, da gari ya waye tangaran, ka hau matattakalar Dala ka sauko. Makon farko sau biyu ya isa. Mako na biyu sau huɗu. Daga na uku ka goya jakar da za ka tafi da ita, da ruwa a ciki, ka sa takalmin da za ka yi tafiyar da shi. Goron Dutse zai koya maka abin da matattakala ba ta koyarwa, wato taka marmara da tsakuwa a kan gangare. Wanda yake nesa da cikin gari, benen makaranta ko na ofis, ko gadar masu tafiya a ƙafa, duk suna yi.

Ma'aunin da zai nuna ka shirya: ka hau Dala sau biyar a jere da jaka a baya, kana iya magana da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke maka zance ba.

Gargaɗi: ku je ku biyu ko uku, da rana a waje, waya a aljihun ciki. Mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko asma, da mace mai juna biyu, su ga likita tukuna. Mai sikila ya fi kowa buƙatar wannan shawara, domin ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya mai tsanani, da sanyi, da tsayin wuri, kowannensu yana iya tayar da ciwon.

3. Wata da sa'a

Mafi kyawun lokaci a ƙasarmu shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, ƙasa tana nan kore shar, kuma hazo bai sauko ba, don haka ido yana kaiwa nesa. Disamba da Janairu suna da daɗin tafiya saboda sanyi, sai dai akwai ranakun da za ka sha wahala ka kai sama ka tarar ƙura ta rufe komai. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, dutse kuma yana riƙe zafi ya mayar maka da shi a fuska. Ban ba kowa shawarar hawa mai tsawo a bazara ba, haka ma da azumi a baki. A Yuli da Agusta kuwa falalen dutse yana yin gansakuka, santsinsa ba ya ba da sanarwa.

A watannin kaka rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:20, ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, duhu kuma yana rufewa cikin kamar rabin awa. Ka kasance a gindin dutsen da fitowar rana. In wurin yana da nisa daga Kano, ka je ka kwana a garin da yake kusa. Wanda ya bar Unguwa Uku ƙarfe 8 ya isa gindin dutse da hantsi ya riga ya ɓata tafiyarsa.

Tun a ƙasa ku yanke lokacin juyawa, misali ƙarfe 11, kuma kowa ya amince: ko an kai ko ba a kai ba, in lokacin ya yi an juyo. A nan ne abokai suke samun saɓani, shi ya sa ake gama maganar kafin gajiya ta shiga.

4. Takalmi da tufafi

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a takalmi. Ba sai sabo ba. A 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai da kasuwar Sabon Gari ana samun kambas mai ƙarfi, wani lokaci har takalmin hawan dutse na ainihi. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka sa. Juya takalmin ka duba ƙasansa: roba ce mai zurfin zane, ko ta sule? Danna ta da farce. In ta yi tauri kamar katako za ta zame a kan dutse. Lanƙwasa shi ka ga ko gam ya fara saki a gefe, don gwanjo da yawa sun daɗe a ajiye. Sannan ka sa, ka tura ƙafar gaba: ya kamata yatsan hannunka ɗaya ya shiga tsakanin dunduniya da bayan takalmin. Wannan ɗan filin shi zai ceci farcenka a gangare.

Silifas, da takalmin fata mai sulɓin ƙasa, da sabon takalmin da ba a taɓa takawa ba, duk a bar su a gida. Safa mai kauri, da ƙarin ƙafa ɗaya a jaka. A yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin tafiya.

Wando mai sakewa da riga mai dogon hannu marar nauyi sun fi, saboda rana da ƙaya da ƙarangiya. Jallabiya da doguwar riga suna harɗe ƙafa. 'Yan'uwa mata, ku sa wando mai kauri a ciki, da riga wadda ba ta wuce ƙwauri ba, da hijabin da ya tsaya a ƙugu ko gwiwa. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana rufe miki inda za ki taka, iska kuma tana kama shi a sama. Malafa ko hular hana sallah don rana. In za a hau irin Shere, a ɗauki rigar sanyi, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga iska a kan jiƙaƙƙiyar riga.

5. Abin da zai shiga jaka

Jakar goyo mai hannu biyu, domin hannuwanka su zama a sake. Nauyinta gaba ɗaya kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka.

Ruwa shi ne babba. Lissafa rabin lita a kowace awa, wato ledar fiya wata ɗaya, in da zafi kuma ninki biyu. Tafiyar awa 5 tana son lita 2 da rabi, ka ƙara lita 1 ta ko-ta-kwana. Ka juye a gorar roba mai murfi, don leda tana fashewa a jaka. Kowace lita kilo 1 ce, ka san da haka. Gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙullin ORS na kemis a lita 1, ko ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a lita 1.

Abinci: dabino, gyaɗa, ayaba, ƙuli-ƙuli, burodi da dafaffen ƙwai. Kilishi da yaji suna ƙara ƙishirwa. Fura da nono da kunun aya suna lalacewa a zafi, a bar su sai an sauko.

Sauran: tocila ko da ba ka da niyyar kai dare, waya cike da caji da abin ƙarin caji, filasta, bandeji mai naɗewa, farasitamol, maganin da ka saba sha, usur, leda ta zuba shara, da sanda mai ƙarfi wadda ta kai maka gwiwar hannu. Sandar makiyaya ta wadatar.

6. Kuɗi, izini da ɗan jagora

Kashe kuɗin kashi huɗu ne: takalmi, mota, ɗan jagora, abinci. Takalmi sau ɗaya ake saye. Mota ita take cin kaso mafi girma a kowace fita, kuma ku huɗu ko biyar kuka haɗa kuka ɗauki shata, zai fi muku sauƙi da kwanciyar hankali, don direban zai jira ku. Dala da Goron Dutse kuɗin a-daidaita-sahu ne kawai da ɗan ihsani. Gandun daji na gwamnati yana da kuɗin shiga da na rakiya, a ofishinsu ake biya. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan takardu, domin a ƙauyen gindin dutse ba lallai a sami mai POS ko sabis ba, ka kuma ɓoye kuɗin komawa gida daban.

Da ɗan gari akan ci gari. In kun isa, ku fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, muna son hawa dutsen nan mu ga gari, mun zo neman izini da wanda zai raka mu." Sau da yawa amsar ita ce, "Madalla, samari. Amma kada ku bi ta yamma, akwai zuma a kogon." Wannan jumla ɗaya ba za ka same ta a taswirar waya ba. Mafarauci ko makiyayi ya fi kowa sanin hanya. Ku yi ciniki kafin a tashi, a fayyace cewa kuɗin na kaiwa ne da dawowa, a ba da rabi a ƙasa, rabi in an sauko. Ruwansa da abincinsa a kanku suke.

A gida kuma ka bar wa wani sunan dutsen, da sunayen abokan tafiya, da lokacin da ya kamata a ji daga gare ka. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

7. Hawan

Minti 15 na farko ka tafi a hankali har ka ji kamar kana ɓata lokaci. Jiki yana buƙatar ya ɗumama. Wanda ya fi kowa rauni shi zai bi bayan ɗan jagora, mai ƙarfi ya tsaya a ƙarshe. In aka yi akasin haka, na gaba su yi nisa su zauna su huta, na baya yana isowa su miƙe, shi bai huta ba ke nan har a kai.

Taku gajere, kamar na mai ɗauke da tulu cike da ruwa. Ka sa tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, kada ka hau da yatsu kawai, sha-raɓa za ta ƙulle. Inda ya yi miƙe sosai, ka bi shi a karkace, dama da hagu. A kan falalen dutse ka tsaya a miƙe, nauyinka a kan ƙafa; mai tsoro yakan kwanta a jikin dutsen, kuma a lokacin ne takalmi yake sakin riƙo. Inda sai an sa hannu, abu uku su kasance a dafe kullum, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. Girgiza duk dutsen da za ka kama kafin ka ba shi nauyinka. Ciyawa da ƙaramin reshe ba abin riƙo ba ne.

Huta minti 5 bayan kowane rabin awa, a inuwa, ka kurɓi ruwa ko ba ka ji ƙishirwa ba. Da ka ji wani wuri a ƙafa yana zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo. Kana tafiya kana waiwaye, ka riƙe alamu, domin hanya tana canja kama in an juyo.

Gargaɗi kan maciji da kunama: kada ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutsen da ba ka ga cikinsa ba, kuma ka duba kafin ka zauna. In maciji ya sari wani, musamman kububuwa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Zuma kuma ba ta son hayaniya da turare mai ƙarfi. In ta taso, rufe fuska ka bar wurin ta hanyar da ka sani, kada ka ruga wajen gefen dutse.

Gargaɗi kan zafi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗewar nama alamu ne na a tsaya, a shiga inuwa, a sha ruwan gishiri da sukari, a juya. In mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, rai ake magana: a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi taimako.

8. A ƙololuwa

Ka sa rigar sanyi kafin ka ji sanyi, ka ci abinci, sannan ka tashi kallo. A Dala ma, da safiya mai haske, za ka ga Goron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, da rufin kasuwar Kurmi, da jirage suna sauka a filin Malam Aminu Kano. Minti 20 zuwa 30 sun isa. In lokacin sallah ya riske ku, alƙibla daga ƙasar Kano gabas take, ta ɗan karkata arewa.

Hoto yana cikin abin da ya fi jawo faɗuwa. Ka bar aƙalla taku uku tsakaninka da baki, kada ka ja da baya kana kallon waya, kuma mai ɗaukar hoto kada ya ce wa kowa "ƙara matsawa". In da eriya ko tankin ruwa na hukuma, a nisance su. Ledar ruwa da gora su koma jaka. Abin takaici ne yadda shara da rubutun fenti suke ɓata wuraren nan.

Gargaɗi: in hadari ya haɗo, a sauka nan da nan. Ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In bai kai 30 ba, kana cikin haɗari. A bar tsololuwar wuri da bishiyar da take ita kaɗai, a kuma rarrabu. Da rani kuma, in ka hango hayaƙin ƙunar daji a ƙasanka, ka tuna wuta ta fi gudu in tana hawa tudu. Ka nufi falalen da babu ciyawa.

9. Saukowa

Nan ne aikin yake. Ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida, gwiwa kuma tana ɗaukar nauyin da ya ninka na tafiyar fili. Kafin ka taka, zauna ka sake ɗaure takalmi, ka ƙara matse igiyar ta wajen idon sawu don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Ka tabbata kashi ɗaya cikin uku na ruwanka yana nan.

Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, sanda tana riga ƙafa sauka. Kada ka jingina baya, ƙafafu za su sulale gaba ka zauna daɓas. A kan tsakuwa ka juya gefe, ka sauke ƙafar ƙasa, ta sama ta biyo. Wurin da ka hau da hannu, ka sauke shi kana fuskantar dutsen, wani a ƙasa yana faɗa maka inda za ka sa ƙafa. Zama a ja gindi a wuri mai santsi ba abin kunya ba ne. Tsalle daga dutse zuwa dutse da jaka a baya shi ne yake kawo targaɗe da karaya.

Ku bar tazara, kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani. Wanda ya turo dutse ya ɗaga murya ya ce "Dutse!" Kuma ku bi hanyar da kuka hau. Yanke yana da jan hankali, don daga sama kana ganin rufin ƙauye kamar ka miƙa hannu, amma ba ka ganin kwazazzabon da yake tsakani. In kun ɓace, ku koma alama ta ƙarshe da kuka gane, ku busa usur sau uku-uku.

In wani ya yi targaɗe, a naɗe da bandeji ba tare da matsewa sosai ba, a raba kayansa, a sauko da shi a hankali. In ba ya iya taka ƙafar sam, ko gaɓar ta karkace, a ɗaure ta da sanda yadda take, kada a ja. A Kano akwai asibitin ƙashi na Dala.

10. Bayan an sauka

Ku cika wa ɗan jagora kuɗinsa, ku koma ku yi wa mai unguwa sallama, ka kira gida. Ka ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi haske. Cire takalmi ka duba ƙafa. Bororo ba a fasa shi in bai dame ka ba, a wanke a rufe. Direban da ya hau dutse tare da ku kada ya kama tuƙi sai ya huta.

Ciwon cinya da sha-raɓa yakan fi tsanani a rana ta biyu, ya lafa cikin kwana 3 zuwa 5, tafiya kaɗan-kaɗan tana taimakawa. Kumburin gwiwa ko idon sawu da bai sauka ba, ko fitsari mai launin shayi, ko ciwon ƙirji, waɗannan na asibiti ne a ranar. Takalmin kuma a kakkaɓe, a wanke, a shanya a inuwa, domin rana tana busar da gam ɗinsa.